Babbar Taya Rabin Aiki Ce: Magana ga Masu Kat-kat a Maraɗi

A ƙarshen ranin da ya wuce na taso daga wata kasuwar ƙauye a arewacin Mayahi cikin wata Hilux ta haya, an loda mata buhunan wake, mu fasinja muna zaune a kan kayan. Motar tana sanye da sababbin tayoyi manya, masu faɗi da zurfin zane, irin waɗanda ake waiwayowa a kalla idan sun wuce a cikin gari. Da muka gangara yashin Gulbin Kaba sai ta fara nishi. Direba ya sauko giya ta biyu, ya koma ta ɗaya, ya yi ta wasa da kuloci har warin ƙuna ya cika mana hanci, daga ƙarshe ta tsaya cik. Mata da tsofaffi suka nemi inuwa, mu kuma muka kama turi. Muna cikin haka wata tsohuwar Land Cruiser mai siraran tayoyinta na asali ta iso da lodin da ya fi namu, ta ratsa yashin ta haye.

Bayan kwana biyu na haɗu da mai motar a wani gareji a nan Maraɗi, yana cewa a sauke masa inji domin ya gaji. Wani dattijon makanike ya zagaya motar, ya duƙa ya karanta lambar da ke jikin taya, sannan ya ce masa: "Alhaji, injinka lafiyarsa lau. Ka sa wa motar takalmin da ya fi ƙafarta, ba ka taɓa pon ba." Alhajin ya amsa: "Baba, ni fa da na sayi tayoyin nan babu wanda ya faɗa mini haka." Wannan amsar ce ta tsaya mini a rai, domin na tabbata gaskiya ya faɗa.

Ra'ayina shi ne, duk wanda ya ƙara wa motarsa tsawon taya da kusan kashi 10 cikin 100 ko fiye, wajibi ne ya canza haƙoran pon (ƙullin ƙarfen da ke tsakanin tayoyi biyu) na gaba da na baya su dace da sabuwar tayar. Idan ba shi da halin yin haka, ya bar motar da tayar da kamfani ya sa mata. Kuma mai sayar da taya da makaniken da ke ɗaura ta suna da alhakin faɗa masa wannan kafin ya ƙirga kuɗi. Na ɗauki maganar da nauyi ne saboda motocin nan na kat-kat, masu ja da tayoyi huɗu, ba na ado ba ne a wurinmu. Su ne ke kai mutane kasuwannin Dakoro da Kornaka da Bermo, su ne ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauye cikin dare.

Abin da ke faruwa a cikin pon

Pon shi ne ƙullin ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyi biyu. A cikinsa akwai ƙarafa biyu masu haƙora da ke cizon juna, ƙarami wanda farfela (sandar da ke kawo juyin inji daga giya) ke juyawa, da babba mai kama da faranti wanda ke juya tayoyi. Makanikanmu suna ce musu finiyon da kuron. Idan kuron yana da haƙora 43, finiyon yana da 10, to sai farfela ta juya sau 4.3 kafin taya ta juya sau ɗaya, shi ne ake rubutawa 4.30. Haƙora 41 da 9 suna ba da 4.56, haƙora 39 da 8 suna ba da 4.88. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙarfin ja da ke isa ƙasa.

Duk ɗan kabu-kabu ya san wannan ko da bai taɓa jin lambobin ba. Idan ya sa babban farantin sarƙa a baya, babur ɗin zai yi ƙarfin tashi da kaya amma ya rage gudu, idan ya sa ƙarami kuma akasin haka. Abin da masu mota da yawa ba su lura da shi ba shi ne, taya ita kanta tana cikin wannan lissafi. Ƙara mata tsawo daidai yake da ƙanƙanta farantin baya.

Bari in yi misali da lambobin da kowa zai iya dubawa a jikin tayarsa. Hilux da yawa na aiki suna zuwa da taya 205R16, wadda tsawonta daga ƙasa zuwa sama ya kai kimanin santimita 73. Tayar 285/75R16, wadda masu son girma ke so, ta kai santimita 83. Ta farko tana cin mita 2.3 a juyi ɗaya, ta biyu tana cin mita 2.6. Bambancin ya haura kashi 13 cikin 100. Idan motar tana da 4.30 a pon, da zarar an ɗaura mata babbar tayar ta koma kamar mai 3.79, kuma ƙarfin da ke isa ƙasa a kowace giya ya ragu da kusan kashi 12 cikin 100. Injin bai canza ba, nauyin da aka ɗora masa ne ya canza.

Gyaran lissafin ba shi da wuya. A raba tsawon sabuwar taya da na tsohuwa, a ninka da lambar pon ta asali. A wannan misali, 4.30 idan aka ƙara mata wannan kashi 13 da ɗoriya tana komawa 4.88, wadda kuwa ana ƙera ta ana sayarwa. Da ita motar za ta koma tashi da ja kusan yadda kamfani ya tsara ta.

Wannan ragin ƙarfi ya fi tsanani a kan irin motocin da muke da su. Injin 1HZ na Land Cruiser mai lita 4.2 da injin 5L na Hilux mai lita 3 injuna ne na gazuwal marasa turbo. An san su da juriya da sauƙin gyara, ba a san su da rarar ƙarfi ba. Motar da ke da ƙaton inji tana iya haɗiye asarar ba a ji ba. Tamu kuwa, wadda aka riga aka loda mata buhuna da mutane da ragunan da aka ɗaure a sama, ba ta da abin da za ta bayar kyauta.

"Ai babbar taya ta fi a yashi"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma akwai gaskiya a cikinta da ba zan musanta ba. Doguwar taya tana ɗaga pon daga ƙasa, kuma babu wani abu da ke ɗaga pon in ba taya ba, domin ƙara tsawon sifirin jikin mota kawai yake ɗagawa. A hanyoyinmu na yashi, inda manyan motoci suka haƙa ramuka biyu suka bar tudu a tsakiya, wannan yana da amfani. Sai dai a san iyakarsa: ƙarin santimita 10 a tsawon taya santimita 5 kawai yake ƙara wa pon, domin rabin tsawon ne ke ƙarƙashinsa.

Yashi kuma ƙarfi yake ci. Taya a cikin yashi kullum kamar tana hawan ɗan tudun da ta tara a gabanta ne, saboda haka motar tana buƙatar inji ya tsaya a inda yake da ƙarfi, tafiyar kuma kada ta yanke. Motar da aka rage wa ƙarfi tana shiga giya ta biyu sai injin ya faɗi, direba ya taka kuloci domin ya sauko, a cikin wannan ɗan lokacin yashi ya riƙe ta. Daga nan sai ƙoƙarin tashi da rabin kuloci, wanda shi ne warin da muka shaƙa a gulbi. Mutum ya sayi tsawo ya biya da ƙarfi, a wurin da ƙarfin ya fi buƙata.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, akwai dabarar da ta fi wannan aiki kuma ba ta cin ko dala. Tsofaffin direbobin da suka yi hanyar Agadas sun san cewa rage iskar taya shi ne maganin yashi. Idan aka sauke ta zuwa wajen kilo ɗaya da rabi, gwargwadon nauyin kaya, tayar tana shimfiɗuwa ta tsawo, ta hau kan yashi maimakon ta haƙa shi. Siririyar taya 7.50R16 da Land Cruiser ke zuwa da ita tana yin wannan da kyau. Sharaɗin kawai shi ne a tafi a hankali, a guji karya kwana da ƙarfi, a kuma mayar da iska kafin a hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska tana zafi har ta fashe. Famfon iska mai kyau a bayan kujera ya fi wa direban ƙauye amfani a kan tayoyin da suka ci masa kuɗin wata uku.

"Akwai ƙaramar giya, me ya sa zan buɗe pon?"

Gaskiya ne ƙaramar giyar kat-kat, wadda aka rubuta 4L a kan sandarta, tana ninka ƙarfi kusan sau biyu ko fiye, kuma a wurin da mota ta kafe ita ce mafita. Amma ba da ita ake yini ba. A irin Hilux da Land Cruiser na aiki, shiga 4L yana ƙulle gaba da baya wuri ɗaya, kuma tafiya haka a kan kwalta ko busasshiyar marmara tana murɗe ƙarafa. Tashi daga tasha da lodi, tsayawa da tashi a cunkoson bakin babbar kasuwa, wuce tirela a kan hanyar Tasawa, duk da babbar giya ake yin su, kuma a nan ne kuloci ke cinyewa kaɗan-kaɗan kowace rana.

Akwai kuma tafiyar da ke tsakani, doguwar hanya mai yashi wadda ba ta kai a shiga 4L ba, inda ake son giya ta biyu ko ta uku ta riƙe motar na tsawon kilomita da yawa. Yawancin hanyoyin arewacin jiharmu irin wannan ne, kuma a nan ne asarar take fi bayyana.

Maganar mai

Wasu suna cewa babbar taya tana rage shan mai tunda inji yana juyawa a hankali, canza pon kuma zai mayar da shi mai ihu da shan mai. Idan mota fanko ce a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, wataƙila a ga ɗan sauƙi. Motar da ke ɗauke da kaya kuwa ba za ta iya riƙe giya ta biyar ba, direba zai yini a ta huɗu, ko ya danne totur har ƙasa yana fitar da baƙin hayaƙi. Baƙin hayaƙin nan gazuwal ne da bai ƙone ba, kuma injin da ake tilasta wa ja a ƙananan juyi cikin zafin watan Afrilu shi ne wanda allurar zafinsa ke hawa. Ga kuma nauyin tayar da faɗinta, waɗanda ke ƙara shan mai ko an canza pon ko ba a canza ba.

Canza pon zuwa lambar da lissafi ya bayar ba ya sa inji juyawa fiye da kima. Mayar da shi yake yi inda yake tun farko.

Akwai ma wani abin da ke ruɗa masu lissafin mai. Agogon mota juyi yake ƙirgawa, bai san an canza taya ba. A misalin da na bayar, idan ya rubuta kilomita 100, motar ta ci fiye da 113. Wanda yake juyen mai duk kilomita 5,000 na agogo, a zahiri yana kai kusan 5,700, a cikin ƙurar da muka sani.

Inda abin ya shafi ran mutane

Kuskuren agogon bai tsaya a kan juyen mai ba. Idan allura ta nuna 80, motar tana kusan 91. Direban yana ganin yana tafiya daidai, alhali ya wuce abin da yake zato, a kan hanya mai lamba ɗaya da ke ratsa garuruwa, inda amalanke da garken dabbobi da ƴan makaranta ke tsallakawa.

Birki kuma ya yi rauni da irin kason da inji ya yi, domin shi ma ta cikin taya yake isa ƙasa, ga ƙarin nauyin da zai tsayar. Wannan ɓangaren canza pon ba ya gyara shi ko kaɗan, kuma ina so masu mota su ji wannan da kyau. A tsofaffin motoci da agogonsu ke karatu daga bayan giya, canza pon yana daidaita agogon. A sababbin da ke karatu daga ƙafafun mota, agogon zai ci gaba da kuskure sai an daidaita shi daban. Boris na ƙafa da ƙarafan sitiyari su ma suna ɗaukar nauyin da ba a ƙera su dominsa ba. Motar da aka ɗaga ta kuma aka loda mata kaya a sama ta fi saurin kifewa a kwana.

Saboda haka nake ganin motar haya da motar ɗaukar marasa lafiya ba wurin gwaji ba ne. Mai motar kansa yana iya cewa dukiyarsa ce. Fasinjan da ya biya kuɗinsa a tasha bai san an taɓa komai ba, kuma ba a nemi yardarsa ba.

"Aikin yana da tsada, kuma ana ɓata shi"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ina girmama ta. Kuron da finiyon biyu-biyu ake buƙata, na gaba da na baya, tare da sababbin boris da robobin hana yoyo da mai, ga ladan aiki. Sau da yawa sai an yi odarsu ko an tsallaka Katsina ko Kano nema. Amma amsar tsada ba ita ce a yi rabin aiki ba. Kuɗin pon yana cikin kuɗin babbar taya tun ranar farko. Wanda bai biya shi a dunƙule ba zai biya shi a kuloci da mai da ranakun da motar ta kwana a gareji.

Mafi munin tsimi shi ne canza na baya kawai. Idan baya yana 4.88 gaba yana 4.30, da zarar an shiga kat-kat tayoyin gaba za su nemi gudu fiye da na baya. A yashi za su yi ta faɗa da juna, a ƙasa mai tauri kuma wani abu zai karye. Na ga waɗanda suka warware matsalar ta hanyar cire farfelar gaba gaba ɗaya, suka mayar da kat-kat motar da ba ta ja sai da baya, alhali domin yashi suka fara duk wannan hidima.

Batun ɓata aiki kuwa gaskiya ne. Ɗaura kuron da finiyon ba kamar canza takalmin birki ba ne. Sai an daidaita zurfin shigar finiyon, da ɗan wasan da ke tsakanin haƙora wanda ake aunawa da agogon awo domin bai kai kaurin farce ba, da matsin boris. Sai a shafa fenti a haƙoran a juya, a ga inda suke cizo. Idan aka yi da ka, pon zai yi ta kuka a kan hanya, ya yi zafi, ya cinye kansa. Kuron da finiyon kuma tare ake goge su a masana'anta, saboda haka ba a haɗa na wannan mota da na waccan ko da lambobinsu ɗaya ne. Bayan ɗaurawa ana lallaɓa motar ba lodi mai nauyi na kusan kilomita 800, sannan a zubar da man a zuba sabo mai alamar GL-5.

Muna da makanikai a garin nan da suka iya wannan aiki, kuma hanyar gane su ita ce a tambaye su yadda za su auna. Wanda ya ɗauko agogon awo da fenti a ba shi. Wanda ya ce hannunsa ya saba, a yi masa godiya a nemi wani. Kada kuma a zarce da lamba fiye da buƙata, domin 5.29 haƙora 7 kawai finiyonta ke da su, kuma ƙaramin finiyo ya fi saurin karyewa a ƙarƙashin lodi.

Wanda bai kamata ya damu ba

Ba kowane canjin taya ne ke buƙatar buɗe pon ba. Daga 7.50R16 zuwa 235/85R16 tsawon kusan ɗaya ne. Daga 265/70R16 zuwa 265/75R16 bambancin bai kai kashi 4 cikin 100 ba, mota za ta ɗauka. Damuwata tana kan masu tsallake biyu ko uku a lokaci guda.

Abin da nake nema daga masu sana'ar

Motocinmu da yawa na hannu ne, sun biyo ta Kwatano ko Lome, wasu an riga an canza musu pon ko taya tun kafin su iso, saboda haka lambar da ke cikin littafi ba lallai ce ke cikin motar ba. Sanin gaskiya ba ya ɗaukar lokaci. A ɗaga taya ɗaya ta baya da jak, ɗayar tana ƙasa, giya a sake, a tokare sauran tayoyin. A sa alamar alli a farfela da taya, a juya tayar sau biyu cif, a ƙirga juyin farfela. A pon na gama-gari, abin da aka ƙirga shi ne lambar. Idan ta yi huɗu da kusan sulusi, 4.30 ce. Idan ta kusa biyar, 4.88 ce.

Ina roƙon masu shagunan taya su riƙa yi wa mai saye tambaya ɗaya kafin ciniki ya faɗa: wace taya motar ta zo da ita? Idan tsallaken ya yi yawa, su faɗa masa cewa akwai sauran aiki a gabansa, su bar shi ya zaɓa da idonsa a buɗe. Ina roƙon shugabannin tasha su riƙa duba wannan a motocin da ke ɗaukar fasinja, kamar yadda suke duba takardu. Iyayen gareji kuma su koya wa yaransu wannan ɗan lissafin na rabawa da ninkawa, domin yaron da ya iya shi ba zai sauke inji mai lafiya ba.

Alhajin nan bai sauke injinsa ba. Da dattijon ya lissafa masa kuɗin pon biyu, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya sa aka cire manyan tayoyin aka mayar da irin na asali, ya sayar da waɗancan da ragi, aka kuma canza masa farantin kulocin da ya ƙone. Na sake shiga motar a farkon kaka da lodin gero. A bakin gulbi direban ya tsaya, yaronsa ya zagaya ya rage iska a tayoyi huɗu, muka ratsa yashin da giya ta biyu babu wanda ya sauka.